Majalisar 'yan "Ban Sani Ba": shekarar da jam'iyya ta uku ta cinye Massachusetts

"Malam, mu a nan mun saba ganin jam'iyyar da ba ta cikin manya biyu ta kama majalisar jiha, kamar PRP a Kano a 1979 da NNPP a 2023. Amma duk sanda aka yi zancen Amurka, Dimokurat da Rifablikan kawai nake ji. Shin an taɓa yin jihar da wata jam'iyya ta uku ta riƙe majalisar dokokinta a can? In an yi, me suka tsinana da suka samu dama, kuma me ya kashe su?" Wani mai karatu daga Kano.

Ɗan'uwa, tambaya uku ka ɗaure da igiya ɗaya: ko an yi, me suka yi, me ya kayar da su. Ta farkon ba ta da wuya. An yi, ba sau ɗaya ba kuma. A Virginia, jam'iyyar Readjuster ta William Mahone, wadda ta haɗa talakawan farar fata da baƙaƙen fata kan batun bashin jiha, ta kama majalisa a 1879 ta riƙe har 1883. Jam'iyyar manoma ta Populist ta kama majalisar Nebraska a zaman 1891, ta kuma haɗa gwamna da majalisu biyu a Kansas a 1897. Amma wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne zaman majalisar Massachusetts na 1855, domin ba a taɓa yin cinyewa irin tasa ba, kuma duk abin da ke samun jam'iyyar guguwa in ta tsinci kanta a kan mulki ya same su cikin wata biyar, daga Janairu zuwa Mayu. Na yi shekaru ina magatakardan kwamiti a wata majalisar jiha kafin in koma aji, saboda haka da idon ma'aikacin majalisa nake karanta labarin nan, ba da idon ɗan siyasa ba.

Inda guguwar ta taso

A wancan lokacin manya biyun su ne Whig da Dimokurat. Rifablikan tana jaririya, ko zama ba ta fara ba. Massachusetts gidan Whig ce, jam'iyyar attajiran Boston masu masaƙu da bankuna da jiragen ruwa. Sai abubuwa suka taru wa jihar a lokaci guda.

Yunwar da cutar dankalin Turawa ta jawo a Ayalan daga 1845 ta koro mutane dubbai zuwa Boston, talakawa tilis, kuma 'yan Katolika a garin da ke alfahari da Furotestancinsa. Kafin 1855 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna birnin haifaffun Ayalan ne. Ƙyamar ba sabuwa ba ce, tun 1834 wasu gungun mutane suka ƙona gidan sistocin Katolika a Charlestown. Ma'aikatan masaƙun Lowell da Lawrence kuwa suna ta neman a rage musu aiki zuwa awa goma a rana, 'yan Whig sun toshe kunne. A 1853 aka kai wa jama'a sabon kundin tsarin mulkin jiha wanda zai rage ƙarfin Boston, ya faɗi a ƙuri'ar raba gardama, masu son gyara suka ɗora laifin kan ƙuri'un 'yan Ayalan. Ana wata ga wata: a Mayun 1854 majalisar tarayya ta zartar da dokar Kansas da Nebraska wadda ta buɗe ƙofar kai bauta sababbin yankunan yamma, kuma a cikin watan aka kama wani gudajjen bawa mai suna Anthony Burns a tsakiyar Boston. Ranar 2 ga Yuni sojoji suka tasa ƙeyarsa zuwa tashar jirgin ruwa aka mai da shi Virginia, dubban mutane na kallo suna tsinuwa. Cikin rundunonin sa-kai da suka tsare hanya akwai ta 'yan Ayalan. A idon mutum mai fushi sai abin ya zama hoto ɗaya: Paparoma, mai bayi, mai sayar da giya da tsohon ɗan siyasa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wata ƙungiyar asiri ce ta tattara wannan fushi. Tana da rantsuwa da kalmomin sirri da gaisuwar hannu ta musamman, kuma an umarci kowane mamba, in an tambaye shi labarin ƙungiyar, ya ce bai san komai ba. Daga nan sunan Know Nothing ya samo asali, 'yan "Ban Sani Ba" ke nan. Sunan da suka raɗa wa kansu daga baya shi ne American Party. A ɗakunan taronsu na unguwa-unguwa suka fitar da 'yan takara, babu gangami, babu hayaniya. Mutumin da ke gaishe ka da safe kana lissafa shi cikin 'yan Whig, ashe ya riga ya sha rantsuwa.

Yadda 63 cikin ɗari ta zama kusan ɗari bisa ɗari

A zaɓen Nuwamban 1854 ɗan takararsu Henry J. Gardner, ɗan kasuwar yadi a Boston kuma tsohon ɗan Whig, ya samu ƙuri'a sama da 81,000, kimanin kashi 63 cikin ɗari. Gwamna mai ci, Emory Washburn na Whig, ya tashi da 27,000 da 'yan kai. Sun lashe kujerun majalisar dattawan jiha 40 kaf, da kujerun jihar 11 a majalisar wakilan tarayya. A majalisar wakilan jiha mai kujeru kusan 380 uku kacal suka kuɓuce musu: ɗan Whig ɗaya, ɗan Dimokurat ɗaya, ɗan Free Soil ɗaya, wato jam'iyyar masu ƙin yaɗa bauta zuwa sababbin yankuna.

A nan ɗalibaina kan yi kuskure, su ɗauka duk jihar ce ta koma jam'iyya ɗaya. Fiye da mutum ɗaya cikin uku bai zaɓe su ba. Tsarin zaɓen ne ya ninka musu riba. Ba a yanka mazaɓu ɗaiɗai kamar yadda muka sani yau ba; gari ne ke zaɓen wakilansa a dunƙule, gunduma kuma ta zaɓi sanatocinta a dunƙule. Boston kaɗai tana tura wakilai fiye da arba'in a jeri guda, wanda ya yi rinjaye a birnin ya kwashe su duka, ko da tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Tsarin da ya daɗe yana yi wa Whig aiki, shi ya juyo ya haɗiye ta.

Su wa suka shigo? Masu sana'ar hannu, ƙananan 'yan kasuwa, akawuna, manoma, da limaman coci fiye da ashirin. Lauyoyi 'yan kaɗan ne. Cikin mutum sama da 400, waɗanda suka taɓa zaman majalisa ba su kai 40 ba. Wannan adadin, a ganina, ya fi duk sauran bayyana abin da ya biyo baya.

Hannu ɗaya, aiki iri biyu

In ka karanta jerin dokokin da suka yi ba tare da an faɗa maka ba, sai ka rantse majalisu biyu ne masu gaba da juna.

Su ne suka haramta nuna bambancin launin fata ko addini wajen ɗaukar yara a makarantun gwamnati. Bari in ɗan tsaya a kan wannan. A 1849 wani baƙar fata, Benjamin Roberts, ya kai birnin Boston ƙara saboda 'yarsa Sarah, 'yar shekara biyar, kullum sai ta wuce makarantun farar fata biyar kafin ta isa wadda aka ware wa baƙaƙe. Lauyoyi Charles Sumner da Robert Morris suka tsaya mata, amma babban jojin jihar, Lemuel Shaw, ya ce wariyar ba ta saɓa doka ba. Iyayen baƙaƙen yara, da ɗan gwagwarmaya William Cooper Nell a gaba, suka ci gaba da tattara sa hannu suna kai koke. Abin da kotu ta hana su, majalisar 'yan "Ban Sani Ba" ta ba su a Afrilun 1855, shekara 99 kafin Kotun Ƙolin Amurka ta yi irin wannan hukunci ga ƙasa baki ɗaya a 1954.

Sun yi dokar kare gudaddun bayi, wadda ta ba wanda aka kama damar a kai shi gaban kotun jiha, ta hana jami'an jiha taimaka wa masu farautar bayi, ta kuma hana a yi amfani da gidajen yarinta wajen tsare su. Gardner ya hau kujerar na-ƙi, suka tsallake shi da kashi biyu cikin uku. Ka lura, gwamnansu ne, na jam'iyyarsu. Sun nemi ya cire alƙali Edward Loring wanda ya miƙa Burns, nan ma ya ƙi. Sun tura Henry Wilson, tsohon mai ɗinkin takalma daga garin Natick kuma ɗan gani-kashe-nin yaƙi da bauta, majalisar dattawan tarayya. Sun hana ɗaure mutum don bashi, sun ba matar aure ikon riƙe dukiyarta da sunanta, sun wajabta yi wa yaro lambar agana kafin a ɗauke shi makaranta. Dokar awa goma ce dai ba ta kai labari ba.

Da wannan hannun kuma suka wajabta karanta Baibul na fassarar Furotesta kullum a makarantun gwamnati, alhali sun san 'ya'yan Katolika na zaune a ajin. Suka hana kotunan jiha ba baƙi takardar zama ɗan ƙasa. Gardner ya rusa rundunonin sa-kai na 'yan Ayalan ya karɓe makamansu. Dokar mai da matalautan baƙi ƙasarsu ta riga su zuwa, amma a zamaninsu aka yi ta da zafi: ana kwaso mutane daga gidajen gajiyayyu da asibitin mahaukata a zuba a jirgi zuwa Liverpool, har da wata uwa 'yar Ayalan da jaririyarta haifaffiyar Amurka, abin da ya tada ƙura a jaridu a watan Mayu. Sun kuma fara yunƙurin gyara tsarin mulki domin baƙo ya jira shekara 21 kafin ya yi zaɓe. Dokar giya suka tsaurara ta matuƙa, kuma kowa ya san unguwannin da ake nufi.

Masana na ta gardama kan wanne ne ainihin fuskarsu. Ni ban ga fuska biyu ba. Mutanen sun yi imani cewa wasu ƙarfafan hannaye ne suka ƙwace jamhuriyarsu, wato masu bayi, masu kuɗi da cocin Roma, kuma su aka aiko su ƙwato ta. Da wannan tunanin ka 'yanta yarinya baƙar fata, da shi kuma ka kori matalauciya 'yar Ayalan, ka kwanta barci ba ka ji ka yi tufka da warwara ba. Ban faɗi haka don in wanke su ba. Ƙiyayyar Katolika ita ce rantsuwar shiga ƙungiyar, ba ƙari aka yi a gefe ba.

Kwamitin leƙen gidajen sistoci

Abin da ya zubar musu da mutunci ba wata babbar doka ba ce, aikin kwamiti ne, shi ya sa nake jin labarin a jikina. Sun kafa kwamitin haɗin gwiwa na binciken gidajen sistoci da makarantun Katolika, bisa jita-jitar cewa ana tsare mata a ciki da ƙarfi. A ƙarshen Maris suka dira wata makarantar 'yan mata ta sistocin Notre Dame a Roxbury, cikin keken doki biyu na haya, kimanin mutum ashirin, mafi yawansu ba 'yan kwamitin ba ne, 'yan rakiya ne. Suka bi ɗaki-ɗaki suna buɗe kabad, suka kutsa wurin ibada, suka leƙa har ɗakin da wata yarinya ke kwance ba lafiya. Ba su samu komai ba. Daga nan suka wuce otal suka ci liyafa da giyar shamfen a aljihun gwamnati, su da suka tsaurara dokar giya.

Jaridar Boston Daily Advertiser ta fasa ƙwai. Bincike ya biyo baya, aka gano cewa ɗaya daga cikinsu, Joseph Hiss, wanda babba ne a ƙungiyar asirin, lokacin da kwamitin ya je Lowell ya kama wa wata mace ɗaki a otal, aka rubuta ta da sunan matar wani Patterson, aka kuma zuba kuɗin a lissafin jiha. Majalisa ta kore shi a watan Mayu, amma da yawa daga cikin 'yan uwansa sun sulale daga zauren don kada su kaɗa ƙuri'a. Haɗa wannan da ƙarin alawus da suka yi wa kansu zuwa dala uku a rana, da kashe kuɗin da ya tilasta ƙara haraji, ka ga an miƙa wa abokan gaba sanda.

Na taɓa aiki da majalisar da zaɓe ya share kusan duk tsofaffinta. Wani sabon mamba, mutumin kirki, ya tare ni a baranda bayan ƙudurinsa ya tsallake karatu na biyu, yana murna yana tambaya ko gobe za a fara aiki da dokar. Wannan ba abin dariya ba ne, kowa da ranar farinsa. Abin da ya fi damuna shi ne rashin wani dattijo ɗan adawa da muka saba da shi a zaman baya, wanda duk ƙudurin da aka kawo sai ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce, "Mai girma kakaki, kuɗin daga ina?" Ana jin haushinsa, amma saboda shi shugaban kwamiti kan karanta rahotonsa sau biyu, kuma ba ya yarda a cusa ɗan rakiya a motar zagayen aiki. Da ya tafi, rasiɗan da ke zuwa teburina suka canza kama cikin wata uku. A Boston ta 1855 mutum uku ne 'yan adawa cikin fiye da ɗari huɗu. Babu mai cewa a tsaya. Alheri ya wuce da gudu, ɓarna ma ta wuce da gudu, ta ƙofa ɗaya.

Abin da ya taka musu birki takarda ce, ba mutum ba. Gyaran tsarin mulkin jihar sai ya samu rinjayen dattawa da kashi biyu cikin uku na wakilai a majalisu biyu a jere, sannan a kai wa jama'a, kuma a lokacin duk shekara ake zaɓe. Dokar makaranta zama ɗaya ta ishe ta. Shekara 21 ɗin nan kuwa tana buƙatar guguwar ta sake tasowa da ƙarfinta, ba ta kuwa sake ba. Abin da ya tsira shi ne sharaɗin iya karatu da rubutu kafin zaɓe a 1857, da jiran shekara biyu bayan zama ɗan ƙasa a 1859, wanda aka soke a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasa.

Abin da ya kashe su

Hiss ya ji musu ciwo, amma bauta ce ta kashe su. A Yunin 1855 aka yi babban taron jam'iyyar na ƙasa a Philadelphia, 'yan Kudu suka sa aka amince da matsayin barin dokokin bauta yadda suke. Wilson da mafi yawan wakilan Arewa suka fice. Haɗin gambiza ne tun farko: mai ƙin bauta ya shigo ne don ya karya Whig, ma'aikacin masaƙa don awa goma, limamin coci don giya da Paparoma. Da Whig ta mutu sai igiyar da ta ɗaure su ta tsinke. Mafi yawan mambobin 1855 ba su dawo zama na gaba ba. Gardner ya sake cin zaɓe a 1855 da 1856, amma a 1856 ɗin jihar ta zaɓi John C. Frémont na Rifablikan a takarar shugaban ƙasa, ɗan takarar American Party kuma, tsohon shugaba Millard Fillmore, jihar Maryland kaɗai ya ci duk da ya samu fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'un ƙasa. A 1857 Nathaniel Banks na Rifablikan, wanda shi ma ta ƙofar "Ban Sani Ba" ya bi, ya kayar da Gardner, kuma shi ya cire alƙali Loring a 1858. Wilson ya ƙare a mataimakin shugaban ƙasa ƙarƙashin shugaba Ulysses Grant a 1873. Jam'iyyar ta zama gada: an taka ta an haye daga Whig zuwa Rifablikan. A 1857 ɗin ne kuma jihar ta yanka mazaɓu, ta tsayar da wakilai 240, aka rufe ƙofar cinyewa irin ta 1854.

Ba kowace jam'iyya ta uku ce ta mutu ta wannan hanya ba. Readjuster ta Virginia ta soke harajin da ake biya kafin zaɓe da turken bulala, ta kafa kwalejin baƙar fata a 1882 wadda yau ita ce Jami'ar Jihar Virginia. 'Yan Dimokurat suka kayar da ita da tsoratarwar launin fata da harbe-harben garin Danville kwana uku kafin zaɓen 1883. A Kansas a 1893 kakaki biyu aka yi a zaure ɗaya, na Populist da na Rifablikan, har 'yan Rifablikan suka fasa ƙofa da guduma, kotun ƙolin jihar ta ba su gaskiya. Manoman North Dakota sun yi wata dabarar: ƙungiyarsu ta Nonpartisan League ba ta tsaya a matsayin jam'iyya ta uku ba, ta shiga zaɓen fid da gwani na Rifablikan ta ƙwace tikitin, kuma bankin jiha da suka kafa a zaman 1919 yana nan yana aiki har yau.

Wannan dabarar ita ke amsa dalilin da ya sa ba ka jin irin labarin nan a yanzu. Mazaɓa ɗaya kujera ɗaya, dokokin shiga takardar zaɓe masu tsauri, da hana jam'iyyu biyu tsayar da mutum ɗaya a yawancin jihohi, sun sa mai fushi ya gwammace ya ƙwace babbar jam'iyya daga ciki. Gwamna kan iya fitowa daga gefe, kamar Jesse Ventura na Reform a Minnesota a 1998, amma ya tarar da majalisa ba tasa ba. Mu ma mun san wannan zaman doya da manja: Balarabe Musa na PRP da majalisar Kaduna ta NPN, wadda ta ƙi amince masa da kwamishinoni har ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981.

Sai dai kada ka ɗauki Massachusetts ka auna Kano da ita kai tsaye. Ni ma'aikacin majalisa ne mai koyar da tarihi, ba lauyan tsarin mulkin Amurka ba, kuma misali ɗaya ba ya zama ƙa'ida. Can a wancan lokacin duk shekara ake zaɓe, nan shekara huɗu; can majalisu biyu ne a jiha, nan ɗaya; can maza kaɗai ke zaɓe a 1854; can jiha ke riƙe da dokar zaɓenta da kundin tsarin mulkinta, nan INEC da kundi ɗaya na tarayya. PRP kuma ta gaji NEPU ne da tushen shekaru kusan talatin, ba ƙungiyar asirin da ta tsiro cikin shekara guda ba. Abin da za ka iya ɗauka ka duba a kowace majalisar guguwa shi ne abin da ni nake fara dubawa in an miƙo min jerin sababbin mambobi: nawa ne suka taɓa zama, nawa ne 'yan adawa, kuma wa aka ba kwamitin asusun gwamnati.